Zuwa Tarkwa Bay da kuɗi kaɗan: amsar wasiƙunku

Tun da hutun makaranta ya kama, wasiƙun da ke shigowa wannan fili suka koma magana ɗaya, ta bakin teku. Da alama tallan yawon tsibirin nan da ke zagayawa a WhatsApp ya shiga kowane gida, daga Agege har Alaba Rago. Na ɗauki huɗu a ciki. Ta farko zan daɗe a kanta, domin da yara a maganar.

Tambaya:

Assalamu alaikum Kawu. Ni uwar yara uku ce, muna zaune a Agege. Babban shekararsa 12, ta tsakiya 9, autar 5. An turo talla a zauren matan unguwarmu, wai za a kai mutane Tarkwa Bay ranar Asabar, naira dubu 15 kowane mutum, yara rabin kuɗi, har da jirgi da abinci da ɗan jagora da wanka a teku. Yaran nan a Legas aka haife su, amma ruwan da suka sani shi ne wanda suke hangowa daga kan gada a cikin mota. Maigida ya amince, sai dai ranar yana kasuwa, ni da ƙanwata za mu kai su. A cikinmu babu wanda ya iya ruwa. Arhar ce ta sa nake ɗari-ɗari. Mu je ko mu haƙura?

Uwar yara uku, Agege

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Ku je. Ban ga dalilin da zai sa yaro ya girma a garin da ruwa ya kewaye, bai taɓa jin ruwan gishiri a ƙafarsa ba. Kuma a duk wuraren da mai ƙaramin ƙarfi zai iya kai iyalinsa, hankalina ya fi kwanciya da Tarkwa. Amma ki riƙe kuɗinki tukuna, sai kin gama karanta wannan.

Abin da ya sa na ce Tarkwa shi ne, tun zamanin Turawa, kafin ma a haɗe Kudu da Arewa a 1914, aka fara jibge manyan duwatsu a bakin mashigar jiragen ruwa ta Legas. A jirgin ƙasa ake kwaso su daga wajen Abeokuta, aka yi dogayen katangu har cikin teku don kada yashi ya toshe wa manyan jirage hanya. Tarkwa tana zaune ne a lungun duwatsun nan, shi ya sa igiyar ruwa kan iso gaɓa ta riga ta rage ƙarfi. Gaɓar Lekki da Ajah da Ilashe da Badagry kuwa tekun Atlantika suke kallo kai tsaye, babu abin da ya tare musu. Babu hanyar mota zuwa Tarkwa, sai ta ruwa. Daga tashar CMS da ke Marina, ko daga ɓangaren Victoria Island, minti 15 zuwa 20 ne a ƙaramin jirgi mai inji.

Arha a karan kanta ba laifi ba ce. Masu shirya irin wannan tafiya shatar jirgi suke yi a tasha, su sayi shinkafa a hannun mai abinci ɗaya, su kama babbar rumfa guda, sai su raba kuɗin a kan kawuna su ɗora ribarsu. In kawuna sun yi yawa kuɗin kowa ya sauka, babu cuta a ciki. Sai dai tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ne ke lashe mafi yawan kuɗin jirgi, injin bayan nan kuwa shan mai yake ba na wasa ba. Don haka in kin ga farashi ya faɗi warwas, to an rage wani abu a wani wuri, kuma aikinki ne ki gano abin da aka rage. In naman kaza aka rage, ko aka ce babu mai kiɗa, ki ce madalla. Abin tsoro shi ne a ɗauki jirgi ɗaya inda ya kamata a ɗauki biyu. Nan ko dai a cusa mutane fiye da kujeru, ko a yi ta sawu-sawu har 'yan sawun ƙarshe su dawo cikin duhu.

Ki kira mai shirya tafiyar a waya, kada ki tsaya a rubutu, domin muryar mutum kan nuna in yana kame-kame. Ki fara da tambayarsa daga wace tasha za a tashi. A tashar da hukuma ta sani za ki tarar da ma'aikatan LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas da aka kafa a 2008, akwai kuma ta tarayya, NIWA. A irin wannan tasha ana rubuta sunan fasinja, kuma doka ce ba a shiga jirgi sai da rigar ruwa, wato rigar nan mai soso da ke hana mutum nutsewa. In ya ce miki ai akwai wani lungu a ƙarƙashin gada da ya fi sauƙi, ki yi masa godiya ki kashe wayarki. Sai ki tambaye shi mutum nawa ne, jirgi nawa ne, kuma ƙarfe nawa jirgin ƙarshe zai baro tsibirin. Ki ce ya faɗa miki lokaci, ba “da yamma” ba. Daga nan ki tambayi kuɗin shiga bakin ruwan, da na rumfa da kujeru, da na dawowa, ko duk suna cikin dubu 15 ɗin. Amsar da ya ba ki, ki sa ya rubuto a zauren kowa ya gani.

Babbar tambayar ita ce ko yana da rigar ruwa ta yara. A nan ne zan tsananta. Na yi shekaru ina tsallakawa daga CMS zuwa Apapa wurin aikin fiton kaya, riguna iri-iri sun ratsa hannuna. Wata rana yaron wani jirgi ya miƙo mini ɗaya, launinta na ruwan lemo ya koɗe har ya koma fari-fari. Maƙalar tsakiya ta karye, an ɗaure wurin da igiyar buhu. Na matsa soson, sai ruwa ya tsattsafo tsakanin yatsuna, kuma da na saki bai koma yadda yake ba, ya tsaya a lotse. Irin wannan riga nauyi kawai za ta ƙara wa mutum. Na mayar masa na ce ya canza, ya ɓata rai, amma ya canza. Ke ma haka za ki yi, kada kunya ta hana ki. Ki matsa soson ki ji yana da tauri kuma a bushe yake. Ki maƙala kowace maƙala ki ji ta ce ƙas, ki ja ki ga ba ta kwance ba. Bayan kin sa wa autarki, ki kama kafaɗun rigar ki ɗaga sama. In rigar ta haura ta rufe mata haɓa ko kunnuwa, ta yi mata yawa, a cikin ruwa zamewa za ta yi ta ƙasa rigar ta tashi ita kaɗai. Yarinya mai shekara 5 a rigar babba ba ta da wata kariya. In mai jirgi ba shi da ta yara, ku sayi taku a shagon kayan wasanni, ku matan zaure ku haɗa kuɗi ku riƙa ara wa juna. Akwai ƙarin amfani a nan: rigar jirgi a jirgi ake barinta in an sauka, taku kuwa da ita yara za su shiga ruwa.

Ke da ƙanwarki, a saman kaya ake sa rigar, a ɗaure ta tsam. Ku sa gajeren hijabi, ko ku tura bakin dogon cikin rigar, kada ya riƙa ja a bayan jirgi kusa da inji. Wadda ke da jinjiri a cikin ayarinku ta kwance goyo kafin ta shiga jirgi, ta rungume shi a gaba.

Maganar dare kuwa ba ta da sassauci. A watan Yulin 2022, daren jajibirin Babbar Sallah, wani jirgi ya tashi daga Mile 2 zuwa Ibeshe bayan rana ta faɗi, ya kife, mutum fiye da 15 suka rasu, da yawansu 'yan gida ɗaya masu tafiya hidimar Sallah. Allah Ya jiƙansu. Hukuma ta hana ƙananan jirage tafiyar dare ne domin matuƙi ba ya ganin gungume ko kwanton jirgin dakon kaya a duhu, kuma in abu ya faru, masu ceto ba sa ganin kan mutum a ruwa. Ku sa wa ranku ƙarfe 4 kuna cikin jirgin dawowa, ko da sauran ayari sun ce a ƙara zama.

To kun sauka lafiya, kun taka zuwa bakin ruwa. A nan nake so ki fahimci aikin ɗan jagora. Aikinsa ya ƙirga kawuna, ya raba abinci, ya yi ciniki da masu rumfa, ya ɗauki hoto. Mutum ɗaya ba zai iya sa ido a kan yara 20 a cikin ruwa ba, kuma wataƙila shi kansa bai iya iyo ba. Tsaron yaranki a wuyanki yake, ke da ƙanwarki. Ku yi karɓa-karɓa. Wadda ke kan aiki ta tsaya a tsaye a bakin ruwa, wayarta a jaka, ba hira, ba hoto, sai ɗayar ta zo ta ce “na karɓa” da bakinta. Autar kada ta yi nisan da hannunki ba zai kai gare ta ba. Tunda babu wanda ya iya ruwa, iyakarku gwiwa, har da mai shekara 12, wanda shi ne zai fi gwada ƙarfin hali in ya ga sa'o'insa 'yan tsibirin suna hawa igiyar ruwa a kan allo. Ki gaya masa tun daga gida cewa yaran nan a ruwan aka haife su.

Mutane da yawa sun ɗauka mai nutsewa ihu yake yi yana ɗaga hannu. Yawanci ba haka ba ne, yaro musamman. Bakinsa na shiga ruwa yana fita, numfashin da zai yi ihu da shi ma babu, za ki ga kamar yana tsaye ne yana kallon sama. Shi ya sa ido ake sawa, ba kunne ba. Robar nan ta hurawa da ake bayarwa haya, kada ki dogara da ita, iska kan ja ta da yaro zuwa ciki, ko ta kife da shi. Duwatsun katangar ma kada su hau, akwai santsi da ɓawon kifi mai yanka. Kuma za ku ga manyan jiragen kwantena suna wucewa zuwa Apapa da Tin Can, yara za su yi ta murna, abin kallo ne ƙwarai. In babba ya wuce ki janye su zuwa kan yashi na ɗan lokaci, ruwan da ya turo yakan iso gaɓa daga baya. Teku kuma yana cika yana janyewa sau biyu a yini, inda ya tsaya muku a idon sawu da hantsi zai iya kai cinya bayan azahar.

Sauran ƙananan abubuwa ne. Ku fito bayan asuba don cunkoso. Ku riƙe ruwan sha mai yawa, da abincinku ko da an ce za a bayar, da tsabar kuɗi, da leda don waya, da kayan canji. In kun wayi gari da hadari ko iska mai ƙarfi, ku fasa, ko da kuɗin zai tafi.

Tambaya:

Kawu, barka da aiki. Ni ɗan Argungu ne, ina sayar da albasa a Mile 12. A Matan Fada na koyi ruwa, ina tsallake kogi ban huta ba. Mu 6 za mu je ranar Lahadi, ni kaɗai na iya iyo, ni zan kula da su. An ce in an zagaya bayan Tarkwa akwai wani bakin ruwa wajen hasumiyar jirage, babu cunkoso. Can nake so mu je. Kuma ni ma sai na sa rigar nan?

Mai albasa, Mile 12

Amsa:

Ɗana, ni mutumin Yawuri ne, a kogin Neja na koyi nawa, don haka ba zan raina ruwan Kabawa ba. Amma ka saurare ni da kyau. Kogi hanya ɗaya yake bi, kana ganin inda ya nufa, ka san in ka bi shi a karkace zai ajiye ka a gaɓa can ƙasa. Teku ba ya haka. Igiya tana turo ruwa kan gaɓa ba tsayawa, ruwan nan kuma dole ya koma, sai ya nemi wata 'yar rariya a tsakanin tudun yashin da ke ƙasa ya bi ta nan da gudu zuwa ciki, kamar yadda ruwan sama ke taruwa ya bi lambatu. Abin da ke yaudarar mutane shi ne, daidai wurin ne ya fi kama da kwanciyar hankali. Hagu da dama igiya na fashewa da farin kumfa, tsakiya kuwa lumui, ruwan ya ɗan fi duhu ko ya gauraye da yashi. Baƙo sai ya ce ga wuri mai kyau. In ka lura da kyau za ka ga kumfa da tarkace suna tafiya ciki maimakon su zo gaɓa.

Gwanin kogi in ya ji an ja shi, abin da jikinsa ya saba shi ne ya sa ƙarfi ya nufi gaɓa. A nan ake halaka, domin ruwan ya fi ƙarfin kowane gwani, zai yi ta iyo a wuri ɗaya har hannu ya mutu. Ruwan nan ba ƙasa yake jan mutum ba, ciki yake kai shi, kuma ba shi da faɗi sosai. In ya kama ka, ka kwanta rigingine ka huta, ka ɗaga hannu ɗaya a gan ka, sannan ka yi iyo a gicciye, kana bin tsawon gaɓa, har ka fita daga cikinsa, sai ka bi igiya ta dawo da kai. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, to a teku hanyar fid da kan ke nan.

Wurin da aka kwatanta maka shi ne gaɓar da ke wajen tsohuwar hasumiya mai haska wa jirage hanya. Tana bayan katangar duwatsu, ita ke karɓar teku gaba da gaba. Ku je ku taka yashi, ku sha iska, ku yi hoto, wuri ne mai kyau. Wanka kuwa a'a. Rashin cunkoson da ya burge ka shi ne babbar matsalar, babu wanda zai gan ku. Kuma kai kaɗai ba za ka iya da mutum 5 ba. Mai nutsewa ba ya cikin hayyacinsa, zai ƙanƙame wuyanka ya hau kanka, ku tafi tare. In wani ya shiga wahala, a jefa masa abin da ke tasowa, jarka marar komai a rufe, ko kula, ko rigar ruwa, ko a miƙa masa igiya ko sanda, ana kiran 'yan wurin masu allo. In an fito da mutum ba ya numfashi, kada a tsaya danna masa ciki ko a ɗaga ƙafafunsa sama don a zubar da ruwa, ɓata lokaci ne kuma yana iya jawo amai ya shaƙe shi. A kwantar da shi a kan bayansa, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska a baki, a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a yi ta maimaitawa. Ko ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi, a kai shi asibiti a ranar.

Rigar kuwa, sai ka sa. Ka tuna jirgin da ya tarwatse a wajen Warrah, ƙasar Ngaski, a watan Mayun 2021, hanyar da mutanenmu na bakin kogi suka saba bi. Gomman mutane suka tafi. In jirgi ya kife, iya iyo ba ya hana katako ya buge ka a ka, ba ya hana mutum uku su riƙe rigarka. Ku hau babbar motar BRT daga Mile 12 zuwa CMS, ku shiga jirgi a tasha, ku yi wankanku a cikin lungun Tarkwa inda jama'a suke, abokanka iyakarsu gwiwa.

Tambaya:

Salamu alaikum. Ni malamin Islamiyya ne a Idi-Araba. Ina so in kai ɗalibai kusan 40 yawon buɗe ido bayan saukar Alƙur'ani. Ya batun alwala da salla a can? Kuma an ce wurin akwai kiɗa da shaye-shaye.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba

Amsa:

Wa alaikumus salam, Allah Ya gafarta Malam. Batun alwala kai ne za ka koya mini, amma don amfanin masu karatu: hadisin Abu Huraira da ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik ya nuna ruwan teku mai tsarki ne, mai tsarkakewa, an kuma faɗe shi ne a kan tambayar masu shiga jirgi da ɗan ruwan sha kaɗan. Don haka a yi alwala da shi, a adana na sha. Tafiyar ba ta kai ta ƙasaru ba. Ku riƙe tabarma, ku duba alƙibla a waya, ku nemi gefe mai tsabta. Abin da aka gaya maka na kiɗa da giya da shigar da ba ta dace da tarbiyyarmu ba gaskiya ne, ya fi yawa Asabar da Lahadi da ranakun hutu, daga azahar zuwa yamma. Ranar Talata ko Laraba da safe wurin shiru yake, kusan ku kaɗai.

Amma Malam, abin da ya fi damuna shi ne 40 ɗin nan. Ban manta da Bagwai ba, a ƙarshen Nuwamban 2021, lokacin da jirgi ya kife a dam ɗin Watari, mafi yawan waɗanda suka rasu ɗaliban Islamiyya ne masu zuwa Maulidi. Yara 40 a bakin teku, da malamai uku ko huɗu, amana ce da ta fi ƙarfinku. Ra'ayina, in wanka ake so, a raba su ƙungiya-ƙungiya a ranaku daban, kowane yara uku da babba ɗaya, da izinin iyaye a rubuce, da riga daidai jikin kowane yaro. In hakan ba zai yiwu ba, ka kai su Badagry a mota. Su ga gidan bene na 1845, su ga ɗakunan da aka tsare bayi a gidan Seriki Abass, su ji tarihin tsibirin Gberefu inda ake bi da bayi zuwa jiragen Turawa. Za su dawo da ilimi. In kun tsallaka Gberefu, ko da yake tsallakawar gajeriya ce, dokar riga tana nan, kuma tekun can na kallo ne kawai.

Tambaya:

Kawu, mu an riga an cuce mu. Mun biya duka ta tiransifa, da muka isa aka ce mu biya kuɗin shiga da na rumfa. Da yamma jagoran ya bi sawun farko, mu sai bayan magariba wani jirgi ya kwaso mu, muka sake biya. Yanzu ba ya ɗaga waya. Ina za mu kai ƙara?

Ɗalibar jinya, Obalende

Amsa:

Sannu 'yata, Allah Ya tsare gaba. Abin da ya fi ɓata mini rai a wasiƙarki tsallakawar da kuka yi bayan magariba, kuɗi kuwa ana mayar da shi. Ku tattara shaidar tiransifa da hoton tallan da saƙonninsa, ku kai wa 'yan sanda, ku kuma sanar da bankinku. Ku je ofishin LASWA a tashar Five Cowries da ke Falomo, kusa da ku ne, ku faɗi tashar da kuka tashi da lokacin da aka dawo da ku. Ku kuma faɗa a zauren da aka yi tallan, da hujja, ba da zagi ba, don kada wasu su faɗa.

Nan gaba kada ku biya duka. Ku ba da kafin alƙalami, cikon sai ƙafarku ta dawo tasha. Kuma gaskiya, in ku manya ne huɗu ko biyar, Tarkwa ba ta buƙatar jagora. Ku je tasha da kanku, ku shiga jirgin haya, ku karɓi lambar matuƙin, ku tsayar da lokacin dawowa, kuɗin dawowar kuma ya zauna a aljihunku. Kuɗin shiga da na rumfa ku biya a hannun masu wurin. A nan ina roƙon alfarma, ku yi ciniki amma kada ku matse su. A watan Janairun 2020 sojojin ruwa suka tashi dubban mazauna tsibirin, bisa zargin fasa bututun mai da ke bi ta wajen ma'ajiyar mai ta Atlas Cove, mutane da yawa suka rasa matsuguni a yini ɗaya. Masu rumfa da masu gasa kifi da yaran da ke ɗaukar muku kaya, da abin da baƙo ya bari suke ci. Saboda bututun nan ne kuma ba a son baƙo ya riƙa kutsawa can ciki wajen tankunan mai, ku tsaya inda jama'a suke.

Kowa ya adana lambobin gaggawa na jihar Legas a wayarsa, 112 da 767, ya kuma bar wa wani a gida sunan tashar da lokacin dawowa. In kuma aka sake yin rashin sa'a duhu ya same ku a tsibirin, kada ku shiga jirgin da ya ce zai tsallaka da ku a haka. Akwai masu ba da hayar tanti da ɗakin kwana, ku haɗu wuri ɗaya, ku kira gida ku faɗi inda kuke, ku bi jirgin farko da safe.